Shin Ko Kun San? Ƙuri'ar Ba'amurke Tana Bin Sa Duk Inda Ya Je

Duk bayan shekara huɗu idon duniya yakan koma kan dogayen layukan masu zaɓe a biranen Amurka. Amma akwai wasu masu zaɓen da kyamara ba ta kai wa gare su: malamin jami'a a Kanada, ma'aikaciyar jinya a Riyad, sojan ruwa a tsakiyar teku, ɗan kasuwa a Legas. Su ma ƙuri'arsu tana shiga lissafi, wani lokaci ma ita ke raba gardama. Ba a dare ɗaya aka ba su wannan dama ba, kuma har yau kaɗan ne daga cikinsu ke cin moriyarta. Ga yadda lamarin yake.

SU WANE NE, KUMA SU NAWA NE?

Shin ko kun san cewa gwamnatin Amurka ba ta ƙirga 'yan ƙasarta da ke zaune a waje ɗaya bayan ɗaya? Babu dokar da ta tilasta wa Ba'amurke ya yi rajista idan zai bar gida, don haka ƙiyasi ake yi. Hukumar da ke taimaka wa masu zaɓe daga nesa, wato FVAP, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 sun kai kimanin miliyan 4.4, kuma miliyan 2.8 daga ciki sun isa jefa ƙuri'a. Wannan adadi ya fi yawan mutanen wasu jihohin ƙasar da dama.

Shin ko kun san cewa Kanada ce ta fi kowace ƙasa yawan Amurkawan da suka isa zaɓe? A ƙiyasin 2022 sun haura rabin miliyan a can, sannan Birtaniya ta biyo baya.

Shin ko kun san cewa wannan hukuma ta FVAP a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro take, ba ta harkokin waje ba? Dalili yana cikin tarihi: da soja aka fara.

DAGA FAGEN FAMA AKA FARO

Shin ko kun san cewa yaƙin basasar Amurka ne ya fara buɗe ƙofar zaɓe daga nesa sosai? A zaɓen 1864, jihohi 19 na ɓangaren Arewa sun yarje wa sojojinsu su yi zaɓe ba tare da sun koma gida ba. A wasu wuraren cikin sansani aka kafa rumfar zaɓe, hafsoshi suka tsaya a matsayin malaman zaɓe. Shugaba Abraham Lincoln ya samu fiye da kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un sojan da aka ƙirga daban.

Shin ko kun san cewa dokar tarayya ta farko kan wannan batu ta zo a makare? Majalisa ta zartar da ita a watan Satumba na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, zaɓe kuwa a Nuwamba. Cikin miliyoyin da ke sanye da kaki, kimanin mutum 28,000 kacal suka samu yin zaɓe da ita. Duk da haka dokar ta kafa tarihi, domin ta ɗauke wa soja harajin zaɓe, wanda wasu jihohin Kudu ke amfani da shi wajen hana baƙar fata da talakawa ƙuri'a.

Shin ko kun san cewa da ganyen shayi fararen hula suka nemi nasu haƙƙin? Har farkon shekarun 1970, Ba'amurken da ke aikin kansa a Faransa ko Jamus ba shi da tabbacin ƙuri'a, alhali yana biyan haraji. A 1975 ƙungiyoyin Amurkawa mazauna ƙetare, cikinsu har da AARO da aka kafa a birnin Faris a 1973, suka ɗauki wani salo: kowa ya maƙala ɗan ƙunshin shayi a wasiƙa ya aika wa ɗan majalisarsa. Tuni ne ga abin da ya faru a Boston a 1773, lokacin da kakanninsu suka zubar da shayin Ingila a teku don ƙin biyan haraji ba tare da wakilci ba. Saƙon ya shiga. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta ba su haƙƙin zaɓe a watan Janairu na 1976.

Shin ko kun san cewa dokar da ake aiki da ita yau ta 1986 ce? Ana kiranta UOCAVA, kuma Ronald Reagan ne ya sa mata hannu. Ita ta haɗa soja da iyalansu da ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci da sauran 'yan ƙasa mazauna waje a inuwa ɗaya, ta wajabta wa kowace jiha ta ba su damar zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisun tarayya.

YADDA AKE YI

Shin ko kun san cewa ba a jefa ƙuri'a a ofishin jakadancin Amurka? Babu akwati, babu dangwale a Abuja ko Yamai. Jihohi ne ke gudanar da zaɓe a Amurka, ba gwamnatin tarayya ba, saboda haka tilas kowace ƙuri'a ta koma ƙaramin ofishin zaɓe na gundumar mai ita. Abin da ofishin jakadanci ke yi shi ne ba da bayani, da karɓar ambulan a rufe ya sa shi cikin jakar diflomasiyya zuwa Amurka, daga nan gidan waya ya ƙarasa da shi. Tafiyar tana iya cin makonni.

Shin ko kun san cewa adireshin zaɓen mutum shi ne gidan da ya zauna na ƙarshe kafin ya bar ƙasar? Ko ya sayar da gidan, ko an rushe shi an gina kasuwa a wurin, ko ya shekara 40 bai taka garin ba, ko ba shi da niyyar komawa, can ƙuri'arsa take. Wanda ya tashi daga Ohio a 1985 ya zauna a Akra, har gobe ɗan Ohio ne a takardar zaɓe.

Shin ko kun san cewa takarda guda ce ke buɗe hanya? Sunanta FPCA, kuma aiki biyu take yi: rajista da neman a aiko wa mutum ƙuri'a. Ana ba masu zaɓe shawarar su sake cike ta kowane watan Janairu, da duk lokacin da suka canza gida, domin jihohi da yawa ba sa ɗaukar ta bara a matsayin ta bana.

Shin ko kun san cewa doka ta ɗaure jihohi da kwana 45? Tun da Barack Obama ya sa hannu a dokar MOVE a watan Oktoba na 2009, wajibi ne jiha ta aika wa mazauna waje takardar ƙuri'a aƙalla kwana 45 kafin zaɓen tarayya, in dai sun nema a kan lokaci. Zaɓen 2024 ya faɗo ranar 5 ga Nuwamba, ke nan zuwa 21 ga Satumba ƙuri'u sun kama hanya. Dokar ta kuma tilasta a iya tura takardar ta intanet, ta hana a yi watsi da ƙuri'a don kawai babu hatimin jami'in rantsuwa a kanta.

Shin ko kun san cewa akwai ƙuri'ar ko-ta-kwana? Idan lokaci ya ƙure takardar jiha ba ta iso ba, mai zaɓe zai iya sauke wata da ake kira FWAB, ya rubuta sunan ɗan takara ko na jam'iyya da hannunsa, ya aika. In ta ainihin ta iso daga baya, zai iya cike ta ita ma. Malaman zaɓe guda ɗaya za su ƙirga.

Shin ko kun san cewa kowace jiha da nata allon? Fiye da rabin jihohin suna karɓar ƙuri'ar da aka cike ta imel ko fakis ko wani shafi na musamman, sauran kuwa sai ta gidan waya. Wanda ya zaɓi imel ko fakis yakan sa hannu cewa ya yafe sirrin ƙuri'arsa, tunda wanda zai buɗe saƙon zai ga abin da ya zaɓa. Wa'adin isowa ma ya bambanta. A zaɓen 2024, Arizona ta ce sai ƙuri'a ta iso kafin a rufe rumfuna, Jojiya ta ba da ƙarin kwana 3, Kalifoniya kwana 7, Fulorida kwana 10 ga zaɓen shugaban ƙasa. Maƙwabta biyu a unguwa ɗaya a Landan, kowa da dokar da ke kansa.

Shin ko kun san cewa wasu jihohin Kudu suna sa mazauna waje su jera 'yan takara bi da bi? A Jojiya da Luwiziyana da Alabama da Arkansas da Misisifi da Karolina ta Kudu akan je zagaye na biyu a wasu zaɓuɓɓuka, kuma tazarar ba ta isa wasiƙa ta je ta dawo ba. Sai aka ƙirƙiro takardar da mutum zai nuna zaɓinsa na ɗaya da na biyu da na uku tun farko. In aka je zagaye na biyu, a ba da ƙuri'arsa ga wanda ya fi fifitawa cikin biyun da suka rage.

Shin ko kun san cewa an taɓa gwada zaɓe ta wayar hannu? A 2018 jihar Bajiniya ta Yamma ta bar mazauna waje su yi amfani da manhajar Voatz, kuma mutum 144 suka yi hakan. A 2020 masu bincike na jami'ar MIT suka nuna raunin tsaro a manhajar, jihar ta ajiye ta. Har yanzu masana tsaron kwamfuta sun fi natsuwa da takarda, domin ita ake iya sake ƙirgawa.

WA YA CANCANTA?

Shin ko kun san cewa wanda bai taɓa zama a Amurka ba zai iya zaɓen shugabanta? Ɗan da Ba'amurke ya haifa a waje, ya gaji zama ɗan ƙasa daga iyaye, jihohi fiye da 30 sun yarda ya yi amfani da adireshin iyayensa na ƙarshe idan ya kai shekara 18. A sauran jihohin ba shi da wannan dama. Ke nan jihar da uwa ko uba suka baro ita ke yanke wa ɗa hukunci.

Shin ko kun san cewa riƙe fasfo biyu ba ya hana zaɓe? A da, doka ta ce Ba'amurken da ya yi zaɓe a wata ƙasa ya rasa zamansa ɗan ƙasa. Wani mai zane, Beys Afroyim, ya yi zaɓe a Isra'ila a 1951, aka ƙi sabunta masa fasfo a 1960, ya kai ƙara. A 1967 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Albarkacin wannan hukunci, ɗan Nijeriya ko ɗan Gana da ya zama Ba'amurke zai iya zaɓe a ƙasashen biyu, gwargwadon abin da dokar ƙasarsa ta asali ta yarda.

Shin ko kun san cewa katin izinin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, ba ya ba da damar zaɓe? Wannan ya kamata duk mai ɗan'uwa a Amurka ya riƙe shi da kyau. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ya aikata laifi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga ɗauri da kora daga ƙasar.

Shin ko kun san cewa Ba'amurken da ya koma Kano yana da ƙuri'ar shugaban ƙasa, amma wanda ya koma Puerto Rico ba shi da ita? Puerto Rico da Guam yankunan Amurka ne, mutanensu 'yan ƙasa ne, amma ba jihohi ba ne, don haka ba su da kujera cikin wakilai 538 da ke zaɓen shugaban ƙasa. Dokar 1986 kuma ba ta ɗauke su a matsayin ƙasar waje ba. Wanda ya tashi daga Niyok zuwa can ya faɗa tsakani: bai bar Amurka ba, kuma ba ya cikin jiha. An sha kai ƙara, kotuna ba su sauya ba. Mutum fiye da miliyan 3 abin ya shafa a Puerto Rico kaɗai, cikinsu har da tsofaffin sojoji.

Shin ko kun san cewa haraji ma yana bin Ba'amurke kamar yadda ƙuri'a ke bin sa? Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan, tare da Eritiriya, da ke neman haraji daga ɗan ƙasa ko ina yake zaune. Amma doka ta ce yin zaɓen tarayya daga waje ba zai zama hujjar da jiha za ta ɗora wa mutum nata harajin ba.

HAR DAGA SARARIN SAMANIYA

Shin ko kun san cewa 'yan sama jannati suna zaɓe? A 1996 John Blaha yana tashar Mir ta Rasha lokacin zaɓe, ya so ya yi bai samu hanya ba. Shekarar da ta biyo baya majalisar jihar Teksas, inda cibiyar horar da su take a Houston, ta yi doka, gwamnan lokacin George W. Bush ya sa hannu. David Wolf ne ya fara amfani da ita a 1997. Leroy Chiao ya zaɓi shugaban ƙasa daga Tashar Sararin Samaniya ta Duniya a 2004, Kate Rubins kuma ta yi zaɓe daga can sau biyu, a 2016 da 2020. Ana tura takardar sama a kulle da lambobin sirri, a cike ta, a sauko da ita zuwa ga magatakardan gunduma.

RANAR DA TA RABA GARDAMA

Shin ko kun san cewa ƙuri'un ƙetare sun taka rawa wajen naɗa shugaban Amurka a 2000? Bayan ƙirgar ranar zaɓe da maimaicinta a Fulorida, George W. Bush yana gaban Al Gore da ƙuri'a kusan 300 cikin kimanin miliyan 6. Sai kowa ya zuba wa ambulan ƙetare ido, waɗanda ke da wa'adi har 17 ga Nuwamba. Da aka buɗe su, ratar ta hau 930. Lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi ta fafatawa kan ambulan marasa hatimin gidan waya ko marasa sa hannun shaida. Daga ƙarshe aka tabbatar wa Bush jihar da ratar 537. A 2001 jaridar New York Times ta binciki ƙuri'un ƙetare 2,490 da aka ƙirga bayan ranar zaɓe, ta ce 680 daga ciki ba su cika sharuɗɗan doka ba. Wannan dambarwa na cikin abin da ya sa aka yi ta gyaran tsarin daga baya.

Shin ko kun san cewa rigimar ta dawo a 2024? Ana saura makonni zaɓe, 'yan jam'iyyar Rifablikan suka kai ƙara a Pensilbaniya da Mishigan da Karolina ta Arewa kan yadda ake tantance masu zaɓe daga waje, alƙalai suka ƙi dakatar da ƙuri'un. Bayan zaɓen kuma, a takarar kujerar Kotun Ƙolin Karolina ta Arewa, Allison Riggs ta yi rinjaye da ƙuri'a 734, abokin hamayyarta Jefferson Griffin ya ƙalubalanci dubban ƙuri'u, ciki har da na soja da mazauna ƙetare. Sai a watan Mayu na 2025, bayan wata kotun tarayya ta ce ba a sauya doka bayan an gama zaɓe, ya amsa kaye.

Shin ko kun san cewa jam'iyyar Dimokurat tana ɗaukar 'ya'yanta na ƙetare tamkar wata jiha? Reshenta na ƙetare ya samo asali a 1964, yana tura wakilai babban taron jam'iyya, kuma tun 2008 yana yin zaɓen fid da gwani a faɗin duniya. Obama ya lashe na 2008, Bernie Sanders ya lashe na 2016 da 2020. 'Yan Rifablikan suna da tasu ƙungiyar da aka kafa a 2013, amma ba ta da kujerun wakilai irin waɗannan.

Shin ko kun san cewa mazauna waje sun taɓa sa jiha ta rasa kujera? Wajen raba kujerun majalisar wakilai, ƙidaya takan lissafa soja da ma'aikatan gwamnati da ke waje, ta bar sauran. Bayan ƙidayar 2000, jihar Utah ta rasa ƙarin kujera ga Karolina ta Arewa da gibin mutum ƙasa da 900, alhali tana da masu wa'azin cocin Mormon kimanin 11,000 a ƙetare da ba a ƙirga ba. Ta kai ƙara, ba ta yi nasara ba.

HAƘƘI A TAKARDA, HAƘƘI A HANNU

Shin ko kun san cewa duk da wannan tanadi, waɗanda suka yi zaɓe a 2020 da 2022 ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba? FVAP ta ƙiyasta cewa kashi 7.8 na fararen hula mazauna waje da suka cancanta ne suka yi zaɓe a 2020, shekarar da kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe a gida suka fito. A zaɓen rabin wa'adi na 2022 adadin ya faɗi zuwa kashi 3.4. Binciken hukumar ya nuna cewa da yawa suna so, hanya ce ta gagare su: jinkirin gidan waya, ruɗanin wa'adi, takardar da ba ta iso ba. Alhali ƙuri'unsu suna iya raba gardama: a 2020 ɗin, ƙuri'a 10,457 ce ta raba Joe Biden da Donald Trump a Arizona, 11,779 a Jojiya.

Shin ko kun san inda ƙasashenmu suka tsaya? Nijar ta ɗauki 'yan ƙasarta mazauna waje a matsayin yanki na tara, ta ware musu kujeru 5 cikin 171 a zaɓen 'yan majalisa na 2016. Senegal ta ba nata kujeru 15 tun 2017. Gana ta yi doka a 2006, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. A Nijeriya kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ɗaura rajistar zaɓen 'yan majalisa a kan zama cikin ƙasa, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta kada ƙudurin da zai buɗe wa mazauna waje ƙofa, alhali kuɗin da suke aikowa gida yakan kai dala biliyan 20 a shekara.

Abin da tarihin Amurka ya nuna shi ne aikin hawa biyu ne. Na farko a rubuta haƙƙin a doka, kuma ko wannan bai kai ga farar hula ba sai bayan fiye da shekara 110 da soja suka yi zaɓe a sansani. Na biyu a sa takarda ta isa hannun mai ita, ta koma gida kafin a rufe ƙirga, a kuma amince da ita idan ta iso. Wannan na biyun har yau Amurka ba ta gama shi ba. Duk ƙasar da ke shirin bai wa 'ya'yanta na nesa ƙuri'a, ta tsara wa'adi da hanyar aikawa da hanyar tantancewa tun ranar da take rubuta dokar. Wanda kuma yake da wannan dama a hannu, ko yana da ɗa ko ƙani mai ita, ya tuna masa ya cike takardarsa tun Janairu.